Wanda Ya Fara Fitowa

A layin teloli babu wanda bai san Injiniya ba. Kada ka ji sunan ka ɗauka wata babbar makaranta ya yi. Keken ɗinki yake gyarawa, teloli ne suka laƙa masa sunan don tsokana, sunan kuma ya bi shi har ya danne na gaskiyar. Shagonsa ɗakin gaba ne na gidan da aka haife shi. Akwai tebur mai kauri da man keke ya jiƙa har ya koma baƙi, da kawunan kekuna jere a ƙasa, kowanne da ƙyallen da mai shi ya ɗaura masa don kada a yi musanya, da gwangwanayen madara cike da noti da karyayyun allurai da ya kasa zubarwa. A jikin taga kuma akwai kujera mai hannu, an ɗaure mata matasai biyu da tsohon bel ɗin keke. A kanta ƙanensa yake wuni.

Tagwaye ne, kamarsu ɗaya kamar an tsaga kara. Baƙon da ya shigo karon farko yakan ɗan ja da baya, don zai ga fuska ɗaya a wuri biyu: ɗaya a sunkuye kan keke tana mita, ɗaya a jingine tana kallonsa. Ƙanen bai taɓa taka ƙasa da ƙafarsa ba, bai taɓa cewa uffan ba. Wuyansa a karkace yake, hannunsa na dama a dunƙule kan ƙirji, amma idanunsa tar suke, in ya kafa maka su sai ka fara tuna laifukanka. Shi ya sa teloli suke ce masa Alƙali. In gyara ya daɗe, sai mai keke ya juya wajen taga ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, na kawo ƙarar yayanka. Kekena ya daɗe a nan har ya manta hanyar gida."

"Alƙali ya ɗaga shari'a sai jibi," in ji Injiniya, ko ɗagowa ba ya yi. "Matsa ka ba ni haske."

A yi dariya a watse. Amma in yamma ta yi, teloli suka ja ƙofofinsu, kowa ya nufi inda ake jiransa, sai layin ya yi tsit, gidan ya rage daga shi sai ɗan'uwan da ba ya amsawa. A nan ne kaɗaici yake cinsa. Mutane suna yabon haƙurinsa, shi kuwa ya san ba shi da wani haƙurin kirki. Yana faɗa, yana buga kofi a tebur, wata rana yakan fita bayan gida ya tsaya yana kallon bango har zuciyarsa ta sauka, sannan ya dawo ya ɗora ruwan wanka.

Labarin haihuwarsu an maimaita shi a gidan har ya gundure shi. Shi ya fara fitowa, ƙato, yana tsala kuka. Aka zauna jiran na biyun, shiru, aka ƙara jira, shiru. Sai da aka ɗauki uwar a motar maƙwabci zuwa asibiti sannan ya zo, ɗan firit, jikinsa ya canza launi, kuka ma sai da aka sha fama ya yi.

Kakarsu ta wajen uba mace ce mai baki kamar reza, kuma Injiniya ne ɗan lelenta. Duk sanda ya miƙa hannu neman ƙari sai ta doke hannun tana dariya.

"Ɓarawon ciki, har yanzu ba ka ƙoshi ba? Ka cinye naka, ka cinye na ɗan'uwanka, ka danne shi ka yi gaba ka bar shi a baya."

Wasa take yi, kowa ya sani. Abin da ke ba ni haushi da manya ke nan. Su jefa wa yaro magana suna dariya, kafin a wanke kwanuka sun manta, shi kuwa ya ɗauke ta ya rasa inda zai ajiye. Injiniya yana yaro yakan rage abincinsa ya tura kwanon gaban kujerar ƙanensa, alhali ya san ba zai iya ɗauka ba. Kakar ta rasu bai kai shekara goma ba, ba ta taɓa sanin abin da ta bar masa ba.

Yana saurayi, ya fara koyon gyara wajen babansa, wata rana ya raka uwarsu asibiti karɓar maganin farfaɗiyar Alƙali. Mutumin da ke bayan tagar ba da magani ya leƙo, ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce da uwar, "Irin wannan ai a jini yake, Mama. Gado ne." Ba likita ba ne, kuma yana faɗa yana ƙirga ƙwayoyi, hankalinsa ma ba a wurin yake ba. Amma an ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Injiniya ya kama. In a jini yake, to tun halitta ne, ba wanda ya danne wani. Ranar ya ci abincinsa tas, har ya nemi ƙari.

Takobin kuwa bai daɗe ba ya yanke shi. Akwai 'yar mai sayar da zare a ƙarshen layi, doguwa mai wushirya, wadda kekenta ke lalacewa duk mako. Ya buɗe ya duba, lafiya lau, sai ya ɗiga masa mai ya juya dabaran ya ce ya gyaru. Ta ce to Allah ya sa. Mako na zagayowa ga ta nan. Ba ta tsoron Alƙali, takan gyara masa matashi tana ba shi labarin kasuwa. Da magana ta yi nisa, babanta ya kira Injiniya cikin shagonsa, tsakanin kwalayen zare, ya tambaye shi kai tsaye.

"Yaro, ba na son ɓoye-ɓoye. Ciwon ɗan'uwanka, a jini yake ko kuwa?"

Da ya ce bai sani ba, da ya faɗi gaskiya, kuma da wataƙila an ba shi. Amma a ransa amsa biyu ce kawai a duniya: ko ta mai ba da magani, ko ta kaka. Ya ce, "A jini yake, Baba."

Mai zare ya daɗe yana murza gemu, sannan ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Kafin shekara ta zagayo an kai ta wani gari. Injiniya bai ƙara neman kowa ba. Duk wanda ya yi masa maganar aure, amsar ɗaya ce, a jini yake, har mutane suka gaji suka bar shi. Babansu ya rasu, uwar ta bi shi, yayarsu tana can nesa da nata iyalin, takan bugo waya ta ce a gaida Alƙali. Haka shekaru suka tafi, furfura ta fito musu lokaci guda, a gefe guda. Yakan ɗaga ƙanensa da safe ya kai shi banɗaki, ya yi masa wanka, ya yi masa aski, ya ɗaure shi a kujera, ya buɗe shago. Bayansa ya fara ƙara in ya sunkuya, kuma ba ya son tunanin ranar da zai kasa ɗagawa.

Sun haura hamsin lokacin da Dakta ta shigo rayuwarsu. A layin karɓar magani ta same su, yarinya ce ƙarama mai tabarau, ba ta fi 'yar cikinsa ba, tana magana da sauri kamar ana korarta. Ta ce ita ba ta duba marasa lafiya, bincike take yi kan yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun mutum yana ciki, kuma ta daɗe tana neman tagwaye masu kama ɗaya waɗanda ɗaya ke da lafiya ɗaya ba ya da ita. Ta roƙi ɗan guntun fata daga damtsen kowannensu, bai fi ƙwayar shinkafa ba.

"Fata kuma? Ciwon a kai yake, 'yata."

"Na sani, Baba. Amma ba za mu buɗe kan mutum don mu leƙa ba. Jikin mutum duka ƙananan ƙwayoyi ne, kowacce da aikinta. Ta fata ta san aikin fata kawai. Mu kuma muna da hanyar da za mu sa ta manta, ta koma yadda take tun farko kafin ta koyi kowane aiki. Daga nan sai mu bi da ita hanyar ƙwaƙwalwa, ta zama irin ƙwayoyin da ke haifar da ƙwaƙwalwar jariri. Sai mu zuba ido mu ga yadda za su yi gini."

Injiniya ya juya maganar a ransa. "Wato ki farke riga ta koma yadi, ki ɗinka wando."

Ta yi dariya har ta cire tabarau. "Kusan haka. Sai dai ka sani, wannan ba magani ba ne. Ba zai tashe shi ba."

"Ban tambaye ki magani ba. Tunda kamarmu ɗaya, me za ki gani?"

Ta ce ko tagwaye irinsu, wani lokaci bayan sun rabu a ciki wani ɗan canji yakan shiga halittar ɗaya ya bar ɗayan. In haka ne, ƙwayoyin Alƙali za su nuna. Kowa da farantinsa za a ba shi, abinci ɗaya, ɗumi ɗaya.

"Kowa da farantinsa," in ji Injiniya. "Ba mai danne wani."

"Babu."

Bai ƙara tambayar komai ba. Ranar da aka ɗauki fatar, Alƙali ko gezau bai yi ba, yana kallon ma'aikaciyar kamar ita ce mai laifi. Injiniya kuwa, mai ɗaukar kan keke da hannu ɗaya, yana ganin jinin damtsensa sai ɗakin ya juya masa, sai da aka kwantar da shi aka ba shi ruwa. Labarin ya riga shi isa layin teloli, ban san wa ya kai ba, suka yi wata guda suna yi masa fifita da ƙyalle in ya wuce.

Abin ya ɗauki watanni. Injiniya bai san bincike tafiyar hawainiya yake yi ba, ya ɗauka kamar gwajin jini ne, ka bayar yau ka karɓa gobe. Ya dinga buga wa Dakta waya. Ta ce fatar ta fara yaɗuwa. Ya sake bugawa, ta ce sun fara mantawa. Ya sake, ta ce wasu sun mutu an sake sabon lale. Da ta ga ba zai bar ta ta sha ruwa ba, sai ta ce ya zo ya gani da idonsa. Ya roƙi matar maƙwabci ta zauna da Alƙali, ya sa rigarsa mai kyau, ya goge baƙin mai daga farcensa iya yadda zai fita.

Ɗakin binciken a hawa na sama yake, ƙarshen wani dogon baranda. Aka sa masa farar riga da safar hannu, aka ce in an buɗe faranti kada ya yi magana, don numfashin baki ma yana iya kashe su. Wurin sanyi, ba a jin komai sai gurnanin injuna. Dakta ta buɗe wani akwati mai kama da firij, sai dai shi ɗumi yake yi irin na jikin mutum, ta fito da faranti biyu na roba, ƙanana masu murfi, kowanne da ɗan jan ruwa a ciki. Ta ce ruwan nan shi ne abincinsu, kullum sai an canza, ba Asabar ba Lahadi. Injiniya ya gyaɗa kai, wannan ya gane shi sarai.

Ta ɗora na farko ƙarƙashin madubin ƙara girma, hoton ya fito a allo. Ya ga ƙananan abubuwa sun jeru sun yi da'ira, kowacce da ɗan rami a tsakiya, kamar yara sun kewaye kwano. Da'irori birjik, har suna gogar juna. Ta ce haka ƙwaƙwalwa ke farawa. Ta cire ta ɗora na biyu. Su ma sun yi da'irar, amma jefi-jefi, da fili a tsakaninsu.

Sai da ta mayar da su ta rufe akwatin sannan ya buɗe baki.

"Wanne ne nawa, wanne ne nasa?"

"Ban sani ba."

"Kamar yaya ba ki sani ba? Ke kike kiwonsu."

Ta nuna masa murfin: ba suna, sai lamba. Ta ce haka aikin yake. Wani abokin aikinta ne ke sa lambobin ya riƙe sirrin, ita mai ƙirgawa ba a yarda ta sani ba sai an gama komai. Domin in ta san wanne ne na mara lafiya, idonta zai ga rauni ko babu shi, ba da gangan ba, zuciya ce ke jan ido.

Injiniya ya yi murmushi irin na manya. Yaran zamani da dokokinsu. Shi da ya ɗauki mutum a kafaɗa tun suna yara, shi za a ɓoye wa?

"Na biyun nan," ya ce. "Mai jefi-jefi. Shi ne."

"Baba, kada ka ɗora rai. Faranti biyu kawai ka gani, muna da su da yawa."

"Ke dai yi aikinki. Ni na san ɗan'uwana."

Ya sauko daga benen kamar an sauke masa buhu. Gani ya kori ji. An ba shi farantinsa shi kaɗai, ba mai cin rabonsa, ba mai tare masa hanya, kuma ga shi nan a baya. To a halittarsa yake. Da ya isa gida ya sallami matar maƙwabci, ya tsuguna gaban kujera ya ce, "Na gan ka yau, Alƙali. Can ma ba ka sauri."

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da ya yi tun rasuwar uwarsu. Ya sayo fenti ya shafe shagon, ya zubar da gwangwanin karyayyun allurai, ya fara gama gyara kafin ranar alkawari har teloli suka ce ko aure zai yi. A ƙasan ransa ya san farin cikin nan ba mai kyan gani ba ne, mutum yana murna don ƙwayoyin ƙanensa sun gaza. Bai gaya wa kowa ba. Dama wa zai gaya wa?

Ranar da Dakta ta kira su ta zo daidai da ranar karɓar magani, don haka tare suka je, Alƙali a keken guragu da Injiniya ya ƙera masa da ƙafafun wani tsohon keken yara. Ofishinta ɗan tsukuku ne, sai da aka fitar da kujera ɗaya sannan keken ya shiga. Ta rame, ƙasan idonta ya yi baƙi. Ta gaishe su, ta gaida Alƙali daban, sannan ta haɗa hannuwa a kan tebur.

Ta ce sun maimaita aikin sau da yawa, daga farko har ƙarshe. Sun ƙirga yadda ƙwayoyin ke rabuwa, da yadda suke tafiya su kama wurinsu, da yadda suke zama jijiyoyi su miƙa wa juna hannu. Sun karanta halittar kowannensu. Da suka gama, abokin aikinta ya buɗe lambobin.

"Ba mu ga bambanci ba, Baba. Nasa da naka ɗaya suke. Duk abin da naka suka yi, nasa sun yi."

Injiniya ya ɗauka bai ji daidai ba. "Mai jefi-jefin fa? Da idona na gani."

"Wannan a bakin akwati yake, kusa da ƙofa. Na wurin sukan ɗan yi jinkiri saboda buɗewa da rufewa. Da aka canza masa wuri ya kamo sauran."

"Na wa ne?"

Ta dubi tebur. Da alama ta so a ce bai tambaya ba.

"Naka ne."

Fanka tana juyawa a sama, wata takarda tana ɗagawa tana komawa. Injiniya ya dubi hannuwansa. Dakta ta ci gaba, a hankali yanzu, ta ce faranti ba ya nuna komai da komai, akwai abin da har yau ba su iya aunawa ba. Amma in aka haɗa da hoton kan Alƙali da labarin haihuwarsu, abin da ya fi kama da gaskiya shi ne iska ce ta yanke masa lokacin da ya daɗe bai fito ba. Ƙwaƙwalwar ta ginu daidai, a bakin ƙofa ta samu rauni.

Sai Dakta ta nemi abin da za ta faranta masa da shi. Yarinya ce mai kirki, ba ta san inda take takawa ba.

"Akwai labari mai daɗi a ciki. Ba mu ga alamar gado ba ko kaɗan. Ka gaya wa 'ya'yanka su kwantar da hankalinsu, su da nasu 'ya'yan."

"Ba ni da 'ya'ya."

"Ayya. Yi haƙuri, Baba, na ɗauka..."

"Ba komai."

Ya gyara wa Alƙali wuyan riga, ko da yake ba abin da ya same shi. Sannan ya yi tambayar da bai taɓa yi wa kowa ba, da muryar da yake tambayar tela me ke damun kekensa.

"Da shi ya fara fitowa fa?"

"Baba, jariri ba ya zaɓa. Ba laifin kowa ba ne. Ko kusa ba laifinka ba ne."

"Ban tambaye ki laifi ba, 'yata. Da shi ya fara fitowa, ni na tsaya a baya."

Ta cire tabarau ta ajiye. Ba ta iya ƙarya ba, wannan aikin nata ya hana ta koya.

"Na biyu ya fi shiga haɗari, haka ne. Mai yiwuwa da abin ya juya. Ban sani ba."

Ya yi mata godiya, godiya sosai, har da yi wa iyayenta addu'a. Ta raka su har bakin lif tana ta bayani, cewa sakamakon nan ma ilimi ne, cewa za a adana ƙwayoyin cikin sanyi don wani binciken. Yana ta cewa to, to, madalla. Ƙofar ta rufe.

A waje rana ta take. Ya tura keken ya gangara ta wajen masu sayar da ruwa da lemo, ya tsaya ƙarƙashin wata bishiya a bakin titi inda tasi ke tsayawa. Biyu suka rage gudu, suka ga keken guragu, suka ƙara mai. Mutane suna ta wucewa bibbiyu, uku-uku, kowa da wanda yake yi wa magana. Bai taɓa jin shi kaɗai ne a duniya kamar wannan tsayuwar ba. Amsar da ya rayu a kanta ta tafi, ta tafi da abin da ya bayar don ya riƙe ta, kuma duk waɗanda zai iya kai wa kuka sun riga shi barin wurin.

Takalmin Alƙali na hagu ya zame ya faɗi. Injiniya ya tsuguna, gwiwarsa ta yi ƙara, ya ɗauka ya kaɗe, ya kama ƙafar da ba ta taɓa taka ƙasa ba, tafinta sumul kamar na jariri. Ya sa takalmin ya ɗaure igiyar. Bai tashi ba. Ya ɗaga kai, ga fuskarsa tana kallonsa daga sama.

"Ka ji abin da ta ce," ya ce a hankali. "Wai lafiyarka ƙalau. Wai komai nawa kana da shi. Da kai ka yi gaba, da kai ne Injiniya, da ni ake turawa."

Wata babbar mota ta wuce, ya jira ƙararta ta lafa.

"Da ka riƙe ni?"

Alƙali yana kallonsa, ba ƙiftawa. Yawu ya taru a gefen bakinsa ya fara gangarowa kan haɓa. Injiniya ya jira, ya ƙara jira, kamar yau ne za a fara amsa masa. Sannan ya zaro hankici daga aljihu ya goge masa, ya dafa hannun keken ya miƙe, ya ɗaga wa tasi na uku hannu.